Baitin da Labarai Suke Yankewa

Ina tsaye a bakin injin busar da kaya ranar da labarin ya same ni. Ɗakin wankin asibitinmu a ƙasa yake, ƙarƙashin ɗakunan majinyata, ba shi da taga sai wata 'yar ƙarama can sama wadda ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Mai tura gadon marasa lafiya ne ya sauko. Bai saba saukowa ba sai in ya kawo ƙorafin zannuwa sun ƙare a sama. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannuwa, ya ce ana nemana. Na ce ya bari in kwashe wannan zubin tukuna.

Ya ce, "Yaya, bar shi. Auta ce."

Auta ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tare muke aiki a ɗakin nan shekara da shekaru, amma ranar hutunta ce, don haka a sanina tana gida. Ashe faɗuwa ta yi a tashar bas, wasu bayin Allah suka sa ta a mota suka kawo ta asibiti mafi kusa, wato namu. Kafin su iso rai ya yi halinsa. Likita ya ce hawan jini ne. Na hau sama na tarar an lulluɓe ta da farin zanen gado, na kuwa gane ninkin. Layin tsakiyar a karkace yake kaɗan, don Auta kullum hannunta na hagu yana riga na dama. Ni da ita muka ninke shi.

Wata nas ta miƙo min jakar da aka tsinta a gefenta. Na buɗe a tsaye. Silifas ɗinta na cikin gida, tabarau, mataji, rigar matashin kai guda ɗaya, da maganinta na hawan jini, kwalin ko rabi bai yi ba. Na rufe jakar na rungume ta.

A wurin zaman makoki tambaya ɗaya ce take yawo a bakin mutane, ana yin ta ƙasa-ƙasa: me ya kai Auta tashar bas ita kaɗai? Duk wanda ya san ta ya san ba ta hawa bas. Mijinta ke kai ta ko'ina. Mai gyaran agogo ne, kowa Mai Agogo yake ce masa, kuma sunan ya bi shi. Yana da wata tsohuwar ƙaramar mota da yake gogewa kamar madubi. Da safe ya sauke ta a ƙofar asibiti, da yamma kafin mu cire rigar aiki ya iso, ya danna hon sau biyu. Kasuwa shi ke zuwa. Yadin da za ta ɗinka shi ke zaɓa. Wayarta a aljihunsa take kwana, wai don kada masu kuskuren lamba su dame ta. Ko gidana za ta zo, yana zaune a mota a waje da jarida, gilashi a sauke. Bai taɓa zaginta ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Matan unguwa har misali suke yi da shi in suna yi wa mazansu gori.

Ni ma haka na gan shi. Nawa mijin ya tafi neman aiki tun ina da sauran ƙuruciya, har yau ana nema. Ba ɗa ba jika. Macen da ta saba ɗaukar buhunta da kanta, in ta ga wadda ake buɗe wa ƙofar mota, ba za ta tsaya tambayar ko ƙofar tana buɗuwa ta ciki ba.

'Yarsu ɗaya ce. Muna ce mata Balbela saboda dogayen ƙafafun da ta yi tun tana ƙarama. Ta gama karatun aikin gwajin jini, aka ba ta aiki a wani asibiti a gari mai nisa, har da ɗaki. Uban ya ce a'a, hanya ba kyau, garin ba wanda aka sani, ta jira za a samu na kusa. Mutanen can suka ce za su riƙe mata gurbin zuwa ƙarshen shekara. Ana cikin wannan jiran uwar ta rasu. A wurin makokin na ji shi yana gaya wa masu gaisuwa, hannunsa a kan kafaɗar yarinyar, cewa Allah ya san abin da ya sa bai bar ta ta tafi ba, yanzu ita ce idonsa, ita ce ƙafarsa. Mutane suna gyaɗa kai. Na dubi Balbela, kanta a ƙasa, ta haɗa hannuwa a cinya daidai yadda uwarta take yi a cikin mota.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, kuma abin da zan faɗa daga ka nake faɗarsa. Amma akwai wata waƙa, kuma sai na bi ta kanta kafin a gane sauran.

Muna da tsohuwar rediyo a kan kantar da muke jera sabulu. Akwai wani shirin gaishe-gaishe na yamma da kullum ake rufe shi da waƙa ɗaya. Wata mata ce take rerawa, da jita kawai, murya ƙasa-ƙasa kamar mai yi wa kanta magana. Ba mu san sunanta ba. Ko an taɓa faɗa, ƙarar inji ta cinye. Baitin farko cewa take:

Ya ce iska da ƙura, sai ya rufe min taga,
Ya ce hanya da ƙaya, sai ya adana min takalma.
Ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba,
Ban kuma taɓa sanin abin da nake marmari ba.

Sai amshi: a hankali, a hankali, kamar tururuwa da ƙwayar hatsi. Sai baiti na biyu:

Yau na fitar da cokali, gobe zan fitar da kofi,
Gida ba ya jin abin da ya ragu kaɗan-kaɗan.
Ranar da zan fitar da kaina
Ba za ta fi sauran ranaku nauyi ba.

Daga nan jitar takan ɗan yi gaba, matar ta ja numfashi za ta shiga na uku, sai a yanke, mai labarai ya shigo. Kullum a nan ake yankewa. Auta takan yi tsaki ta ce wannan mai labaran ko gaisuwa ba zai bari a gama ba.

Wanda bai taɓa ninke zanen gadon asibiti ba ba zai san aikin mutum biyu ba ne. Kowa ya kama kusurwa biyu, a ja baya har ya miƙe, a kaɗa, a haɗa gefe da gefe, sannan a tako a haɗu a tsakiya, ɗaya ta miƙa wa ɗaya kusurwoyinta. A wannan haɗuwar ne kawai ake jin juna, don injuna ba sa barin magana daga nesa. Hirarmu duk haka take, guntu-guntu. Ta faɗi rabi in mun haɗu, mu rabu, in ba ta amsa a haɗuwa ta gaba. Magana ɗaya sai ta ci zannuwa da yawa.

A haka muka yi ta musu a kan waƙar nan. Ni na ce matar nan ƙoshi ne ya yi mata yawa. Mutum ya tsare miki ƙura, ya tsare miki ƙaya, bai bar ki da yunwa ba, me kuma kike nema, ya goya ki? Auta ta yi dariya har ta saki kusurwa ɗaya. Da muka sake haɗuwa ta ce, "Yaya, dabbar da ke turke ma ai ba ta rama."

Na ce to, mu bar wannan. Amma batun tafiya, ba inda za ta. Mai tafiya ba ta tsayawa waƙa, ɗaukar jaka take ta wuce. Wadda ta zauna ita ke rera yadda za ta tafi, ta ji sanyi a ranta, ta koma ta ɗora tukunya. Na ce in da za a bar mu mu ji baitin ƙarshe, za mu tarar tana mayar da cokulan wurinsu. Auta ba ta yarda ba. Ta ce in saurari muryar da kyau, wannan ba muryar wadda ake jira a waje ba ce, ba ta sauri, ba ta waige. Ta ce wadda take cikin gidan har yanzu ba za ta iya cewa ranar ba ta da nauyi ba, sai wadda ta riga ta ɗauka ta ji. Na ce oh, yau kuma malamar fassara muka samu a ɗakin wanki, bari in nemo miki allo. Ta ce in nemo har da bulala, don ɗalibar tata kan kwakwa gare ta.

Wata rana kuma a kan takalman muka tsaya. Na ce ai adanawa ya yi, ba ƙonawa ba. Ta ce e, adanawa, a inda sai ta tambaya. Ta karɓi kusurwoyina ta ninke. Sai ga hon sau biyu daga sama. Na sha ganin abin da hon ɗin nan yake yi mata: kafaɗunta su ɗaga, hannunta ya saki duk abin da ta riƙe, ko rabin ninki ne. Ni nake ƙarasawa da haɓa.

A cikin watannin nan ne ta fara ba ni ajiya. Takan zaro abu daga jakar abincinta ta ce in tafi da shi gida. Farko kofin mahaifiyarmu ne, shuɗi, mai ɗan tsagu a hannu. Ta ce tana tsoron ya fashe a wurinta. Bayan kwana biyu almakashinta. Sai wani ɗankwali da ta saya da kanta tun kafin aure. Sai hoton Balbela ranar da ta fara tafiya. Sai reshen na'ana'a a gwangwanin madara, wai Mai Agogo ya ce tana tara sauro. Na ajiye gwangwanin a bakin ƙofata, sauran na zuba a kwali na tura ƙarƙashin gado. Ina jin waƙar kullum, ina karɓar ajiyar kullum, amma a kaina waƙa tana rediyo, ajiya tana kwali. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ana saura 'yan makonni ta rasu ta tambaye ni inda nake ajiye makulli in na fito aiki. Na ce a jakata mana, ina kuma? Ta ce in yanka na biyu in dinga barinsa a ƙarƙashin gwangwanin na'ana'ar, ko wata rana za ta zo ta huta. Na ce ke da direbanki ba ya barin ki ki gama shan ruwa? Ta ce ni dai in bari. Na yanka, na dinga bari, don ba a yi wa Auta musu a kan ƙaramin abu.

Ranar da aka binne ta, da na dawo gida, na ɗaga gwangwanin. Makullin yana nan, ya yi shaida a ƙasa saboda danshi. Na zauna a dokin ƙofa da shi a hannu. A nan waƙar da kwalin suka haɗu a kaina.

Bayan an watse daga makoki da ɗan lokaci, Mai Agogo ya zo gidana. Karo na farko ke nan da ya shigo ciki. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya zauna a bakin kujera ya ce yana ta gyara kayan marigayiya, ya ga wasu abubuwa ba sa nan, ya lissafo su ɗaya bayan ɗaya, har almakashin. Na ce suna wurina, ita ta ba ni. Ya sunkuyar da kai. Sai ya fara kuka, kukan gaske, irin na wanda bai iya ba. Ya ce shi bai taɓa barin ta ta taka rana ba. Ya ce ranar ma fita ya yi karɓo wani agogon bango, bai daɗe ba, ya dawo ya tarar ba ta nan. Da ta jira shi, da a mota abin zai same ta, da ya kai ta da wuri.

Ban yi masa musu ba, don wataƙila gaskiya ne. Na ba shi ruwa.

Da ya share ido ya ce alfarma ya zo nema. Balbela tana ta tambayarsa inda uwarta za ta, ya ce mata kantin magani. Ya san za ta tambaye ni. Yana so bakinmu ya zo ɗaya, don yarinyar ta samu natsuwa ta zauna, kada ta ɗauki wani tunani.

Na ce, "Kantin magani yana bayan gidanku. Ba a hawa bas."

Ya ce, "Yaya, ita kaɗai ta rage min."

Na ce masa ni ma haka. Na ce ba zan ƙara ko kalma a kan abin da na sani ba, amma ba zan rage ba. Ya tashi ya tafi, bai ƙara zancen kayan ba.

Na yi kwanaki ina juya abin. Me na sani ma? Auta ba ta taɓa buɗe baki ta ce min za ta bar mijinta ba. Abin da ke hannuna waƙar wata mata ce da ban san ta ba, wadda ko ƙarshenta ban ji ba, da kwali, da makulli. In na gaya wa yarinya uwarta guduwa take yi, na raba ta da uban da ya rage mata a kan fassarar waƙa, alhali ni ce ma wadda ta faɗi a fassarar. In kuma na yi shiru, shekara za ta ƙare, gurbin ya tafi, ta gaji kujerar gaba a motar nan. Ba wanda zan yi shawara da shi. Wadda nake shawara da ita ita ce ba ta nan. A wurin aiki an haɗa ni da wata sabuwa mai ƙarfin hannu, tana fizgar zane kamar da shi suke faɗa, in mun haɗu a tsakiya kallon silin take yi.

Wata yamma uban ya kawo Balbela ta kwashe kayan uwarta daga loka, inda ma'aikata ke ajiya. Shi ya tsaya a mota. Ta sauko da leda a hannu, ta kwashe rigar aikin da takalman roba, ta tsaya tana kallon injuna. Na ce wa sabuwar ta je ta huta. Na ɗauko zane na miƙa wa Balbela kusurwa biyu, na ce ta ja baya. Ta iya, ta sha gani tun tana ƙarama.

Da muka haɗu a tsakiya ta ce, "Inna, ina Mama za ta?"

Na karɓi kusurwoyin, na ɗauko wani zanen, muka rabu. Da muka sake haɗuwa na ce ban sani ba, ba ta faɗa min ba. A haɗuwa ta gaba na ce amma zan gaya mata abin da na gani, ta auna da kanta. Haka na ba ta shi, guntu-guntu, yadda muke yi da uwarta. Kofin da almakashin. Silifas da rigar matashi a jaka. Kwalin magani da bai ƙare ba. Makullin. Bas ɗin da ke tsayawa a tashar nan, wanda yake bi ta bakin layinmu. Ba ta yi kuka ba, sai dai ninkinta ya fara karkacewa.

Muna cikin haka shirin ya zo ƙarshe, jitar ta fara. Na kashe injin da ke kusa da mu na ce ta saurara, wannan ita ce waƙar uwarta. Ta tsaya da zane a hannu har aka kai inda matar take jan numfashi, mai labarai ya shigo. Na gaya mata musun da muka yi, abin da na ce da abin da Auta ta ce, da yadda ba mu taɓa jin ƙarshen ba. Ta dube ni kamar na ce ban taɓa ganin ruwan sama ba. Ta zaro waya ta rubuta 'yan kalmomin farko, ta ce sai ta tuna ta goge kafin ta hau sama, don Baba yana dubawa. Ko minti ba a yi ba ga waƙar. Shekara guda muna musu a kan abin da yake cikin aljihun yarinya.

Ta matsar da ita gaba, ta ɗora wayar a kan tulin zannuwa, muka sunkuya. Matar ta ja numfashin nan da na sani, wannan karon ba wanda ya yanke ta.

Ɗakin ƙarami ne, kuma ba kowa,
Shirun ya fi yadda na zata.
Na haɗa shayi, na tsaya da cokali a hannu,
Ban san sukari nawa nake so ba.
Yau zan gwada ɗaya. Gobe in gwada biyu.

Shi ke nan. Ba ta koma amshin ba ma, jitar ta ɗan yi gaba ta tsaya.

Auta ce ta ci musun. Na so a ce tana nan ta yi min gori, ta ce ina allon, ina bulalar. Na juya na kama gyaran zannuwan da ba su buƙatar gyara.

Balbela ta ce, "Ai ba daɗi a ƙarshen, Inna. Ita kaɗai ce."

Na ce e, ba daɗi. Na ce wannan ɗakin na san shi, a cikinsa nake kwana, kuma matar ba ta yi ƙarya ba a kan shirun. Ba zan ce mata can za ta tarar da murna tana jiranta ba. Amma ta duba a hannun wa cokalin yake.

Sai hon, sau biyu. Na ga kafaɗunta sun ɗaga, na ga yatsunta sun fara sakin zanen. Auta na gani tsaye. Ban san lokacin da na riƙe hannunta a kan kusurwar ba.

Na ce, "Abu ɗaya na ƙi a waƙar nan, amshin. Uwarki ta bi ta a hankali, a hankali, ta fitar da kofi, ta fitar da almakashi, ranar da ta zo fitar da kanta kwananta ya ƙare a tasha. Ke kada ki yi irin na tururuwa. In za ki, ki gaya masa a fuskarsa, da rana, ki ɗauki akwatinki gaba ɗaya. In kuma za ki zauna, ki zauna don ke kika so."

Hon ya sake tashi. Ba ta saki ba. Ta ja baya, ta kaɗa zanen, ta haɗa gefe da gefe, ta tako ta miƙo min. Sai da muka gama shi tsaf ta ɗauki ledarta ta hau sama, ba da gudu ba.

Ban ji daga gare ta ba har na fara cewa na yi ɓarna a banza. Daga baya ta ba ni labarin yadda aka yi. A kan tebur ta gaya masa, suna cin abincin rana. Bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa. Ajiye cokali ya yi ya dafe ƙirji. Ya daina cin abinci, ya daina buɗe shago. Ta kai shi wurin likita da kanta, aka auna shi ciki da waje, aka ce baƙin ciki ne da rashin barci, aka ba shi magani. Ta nemo wata ƙanwarsa ta roƙe ta ta dinga leƙo shi. Sannan ta sake gaya masa ranar tafiyarta. Ya ce shi ba zai kai ta tasha ba. Mutumin da bai taɓa barin kowa ya taka ƙasa ba, ranar ya bar motarsa a rufe.

Ina wurin aiki ta kira ni ta ce tana ɗakina. Na ce wa ya buɗe miki? Ta ce ta ɗaga gwangwani. Na nemi izini na taho, na tarar da ita zaune a bakin gadona da akwati a gabanta, ta jawo kwalin tana duba kayan. Na ce ta ɗauki duk abin da take so. Kofin kawai ta ɗauka, da hoton. Na raka ta tashar manyan motoci, na tsaya har motar ta fita daga ƙofa. Ban ɗaga hannu ba, don hannun ya ƙi.

Mai Agogo bai sake yi min magana ba. Wani lokaci in na fito daga aiki nakan hango motarsa a inda ya saba tsayawa, gilashi a sauke, jarida a kan sitiyari. Ba ya danna hon. In ma'aikata sun gama fitowa sai ya tayar ya tafi. Na sha cewa zan je in gaishe shi, ƙafata ba ta kai ni ba tukuna. Balbela ta ce tana kiransa, wata rana ya ɗauka, wata rana ya bari ta yi ta ƙara.

Ni tana kirana ranar hutunta. Ta ce aikin da yawa, ɗakin ƙarami, maƙwabtan ba sa gaisuwa. Wani sati muryarta da ƙarfi, wani sati ina jin ta sha kuka kafin ta kira. Na taɓa tambayarta sukari nawa aka tsaya, ta yi dariya ta ce ɗaya da rabi, amma ba ta gama yanke hukunci ba.

Masu shirin yamman sun canja waƙar rufewa, yanzu wani kiɗa ne mai hayaniya. Ban nemi a sa min waccan a waya ba. Na haddace ta, har baitin da Auta ba ta ji ba, kuma in muna ninki da sabuwar nan nakan yi ta a cikin baki, ƙarar inji tana rufe min asiri. Har yanzu ban san tabbas ko wurina Auta za ta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita kuma ta tafi da saninta.

Na'ana'ar ta yi yawa, ta fi ƙarfin gwangwanin, saiwarta har ta fasa gindin. Maƙwabciyata ta ce in juye ta a babban bokiti, na ce to, ban yi ba. Kullum da safe in na kulle ɗaki nakan zuba mata ruwan da ya rage a kofina, in ɗaga gwangwanin in duba makullin, in goge danshin da bakin zanena, in mayar da shi wurinsa. Sannan in tafi tasha.